Ba Kowane Ciwo Ke da Laifi a Bayansa Ba: Martani Kan Ɓarin Kai da Bangaskiya

Wata maƙala da ta zagaya hannun masu bi a ikkilisiyoyin Hausa na tsakiyar Katsina, daga Kankiya zuwa Matazu har Malumfashi, ta taɓo batun ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikin Kirista. Marubucin mutum ne mai kishin bishara, rubutunsa ya nuna haka. Ya ɗauki ciwon ɓarin kai ya kafa misali da shi. A ganinsa, tunda likita kan yi gwaji ya ɗauki hoton kai bai ga komai ba, tushen ciwon a ruhu yake: ko zunubin da aka ɓoye, ko raunin bangaskiya, ko kuma wani alkawari da kakanni suka ƙulla da iskoki a zamanin tsafi, musamman idan ciwon ya kama uwa ya kama 'ya. Maganin da ya bayar shi ne azumin kwana uku ba ci ba sha, da kwanan addu'a, sannan mai ciwo ya ajiye ƙwayoyin asibiti don ya nuna ga wa ya dogara.

Maganar ta shiga kunnen jama'a, kuma ba abin mamaki ba ne. Wanda ya shekara yana fama da ciwo yana ƙishin a gaya masa dalili, ko da dalilin zai ɗora masa laifi. Sai dai maƙalar ta kuskure wa ilimin likita, ta kuskure wa Littafi Mai Tsarki, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren shi ne majinyacin da aka ce ana so a taimaka.

Fakuwa ƙauyen manoma ne a ƙaramar hukumar Kankiya, mutanensa galibi Musulmi, masu bi kuwa a wannan yanki tsiraru ne da ke warwatse nan da can. Ciwon bai san wannan rabo ba. A kowane gida na karkarar Kankiya da Kusada za a iya samun matar da ya saba ziyarta. Da hantsi ne, ana tsakiyar sussukar gero, sai ta fara ganin wasu layuka masu walƙiya a gefen ido, a lanƙwashe, suna faɗaɗa a hankali har rabin fuskar wanda ke gabanta ya ɓace mata. Kafin awa guda ɓari ɗaya na kanta ya fara sara daidai da bugun zuciya. Ta ajiye taɓarya, ta shige ɗaki, ta sauke asabari, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ƙarar injin niƙa daga can bakin hanya yana shiga mata har ƙwaƙwalwa. Warin daddawar miya, wanda jiya bai dame ta ba, yau yana tayar mata da amai. Yaro ya leƙo ya ce, “Inna, ya jiki?” ita kuwa ko “da sauƙi” ba ta iya amsawa sai da hannu. Haka za ta kwana, wataƙila ta wuni, jibi kuma a gan ta a rijiya kamar ba ita ba.

Wannan “kamar ba ita ba” shi ne abin da ya yaudari marubucin, kuma za a dawo kansa. Tukuna a duba hujjarsa ta farko, cewa likita bai ga komai ba.

Gaskiya ne hoton ƙwaƙwalwar mai ɓarin kai yakan fito lafiya lau. Ana ɗaukar hoton ne don a tabbatar babu ƙari ko zubar jini, ba don a ga ɓarin kai a ciki ba, domin shi ciwo ne na yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, ba na yadda siffarta take ba. Kuma an san abubuwa da yawa game da wannan aikin. Tun 1944 wani masani ɗan Burazil, Aristides Leão, ya gano wata igiyar lantarki da ke ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, kimanin milimita 3 a minti ɗaya, tana dusashe aikin ƙwayoyin jijiya a duk inda ta bi. Ita ce masana ke dangantawa da walƙiyar da wasu masu ciwon ke gani kafin sarar ta fara. A 1990 Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka auna jinin da ke saukowa daga kan majinyata ana tsakiyar ciwon, suka tarar wani sinadari da ake kira CGRP ya ƙaru. Daga baya masu bincike a ƙarƙashin Jes Olesen a Kwapanhagan ta Danmak suka ɗura wa masu ɓarin kai wannan sinadari a jijiya, ciwon ya taso wa da yawa daga cikinsu bayan 'yan awoyi. Aka haɗa magungunan da ke toshe hanyar sinadarin, na farkonsu ya sami izini a Amurka a 2018, kuma a 2021 waɗannan masana uku tare da Michael Moskowitz suka karɓi babbar lambar yabo ta binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Danmak. Ciwon da za a iya tayar da shi da allura a ɗakin gwaji, a kuma kwantar da shi da wata allurar, ba za a ce likita bai ga komai ba.

Ba kuma ciwon 'yan kaɗan ba ne. Ƙididdigar nauyin cututtuka ta duniya ta 2019 ta sa masu fama da shi sun haura mutum biliyan ɗaya, kusan ɗaya cikin bakwai ke nan, kuma ta nuna shi ne kan gaba wajen nakasa rayuwar mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku, saboda saukar sinadarin mata gab da al'ada na daga cikin abubuwan da ke tayar da shi. Idan aka bi lissafin marubucin, sai a ce mata sun ninka maza wajen ɓoye zunubi, kuma zunubin nan yakan lafa idan mace ta ɗauki ciki ko ta daina al'ada, tunda a waɗannan lokuta ne ciwon kan sassauta wa da yawa. Babu fasto mai hankali da zai hau bagade ya faɗi haka, amma can maƙalar ta nufa ko marubucin bai lura ba.

Batun gado ya fi kowanne ciwo, domin ya taɓa wani tsohon miki. Hausawa Kirista da yawa a Matazu da Kafur da Malumfashi jikokin Maguzawa ne, kuma sun sha jin gorin asali daga waje. Yanzu ga ɗan'uwansu a cikin Almasihu yana gaya musu cewa ciwon kan 'yarsu bashi ne na gunkin kakanta. Haka ne, ɓarin kai yana bin jini. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba majinyata fiye da 100,000, ya gano wurare 123 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da shi. Yana bin jini kamar yadda hawan jini ke yawaita a wasu gidaje. Yana bin gidan liman da gidan fasto da gidan Bature a Ingila wanda kakanninsa ba su taɓa jin sunan bori ba. Annabi Ezekiyel kuwa, a sura ta 18, ya riga ya rushe koyarwar cewa ɗa zai ɗauki alhakin ubansa. Kuma in har gicciyen Almasihu bai isa ya tsinke alkawarin da wani tsoho ya ƙulla a gindin tsamiya shekara ɗari da suka wuce ba sai an ƙara masa azumin kwana uku, to wace bishara ce ake wa'azinta a majami'un nan?

Akwai inda marubucin ya yi daidai, kuma ba za a hana shi ba. Wasiƙar Yakubu ta umarci mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, masu bi kuma sun gaskata Allah yana warkarwa har yau. Akwai ma wurare a Sabon Alkawari da aka haɗa wani ciwo da wani zunubi, kamar gargaɗin Bulus ga Korintiyawa kan cin Jibin Ubangiji da wasa. Matsalar ita ce ɗaukar abin da kan faru wani lokaci a mayar da shi ma'aunin da za a auna kowane majinyaci, har wanda mai aunawar bai taɓa zama da shi ba.

Littafi guda cur aka rubuta don a hana wannan, wato Littafin Ayuba. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo ta'aziyya da zuciya ɗaya. Kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma a wannan makon babu abin zargi a kansu. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace. Elifaz ya fara da lallami, yana nuna cewa mara laifi ba ya hallaka. Da Ayuba ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, sai murya ta ƙara kauri, har a sura ta 22 Elifaz ya jero masa zunubai dalla-dalla, ya ce ya zalunci gwauraye da marayu, alhali babu ko ɗaya da ya gani da idonsa. Koyarwarsa ce ta buƙaci a sami laifi, shi ya sa ya ƙirƙiro shi. A sura ta 42 Ubangiji ya nuna fushinsa a kan Elifaz da abokansa biyu, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba yadda Ayuba ya faɗa, ya kuma tura su wurin majinyacin nan ya yi musu addu'a. Abin lura a nan, har littafin ya ƙare ba a taɓa gaya wa Ayuba abin da ya wakana a surori biyu na farko ba. Mai karatu ya san dalili, shi mai ƙurajen bai sani ba. Allah ya yi masa magana doguwa daga cikin guguwa, kan teku da taurari da jimina da doki, bai ba shi bayanin ciwonsa ba, kuma Ayuba ya mutu mai bangaskiya.

Yesu da kansa an kawo masa irin tambayar marubucin. A Yohanna sura ta 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka ba Ubangiji zaɓi biyu, laifin mutumin ko na iyayensa, wato biyu daga cikin dalilan da maƙalar ta ba mai ɓarin kai. Ya ƙi duka biyun. A Luka sura ta 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya musanta cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jiki, aka bar masa ita, aka ba shi alheri a madadin. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Timoti mai yawan ciwon ciki ne, shawarar da Bulus ya ba shi kuwa ta abin sha ce, bai tuhume shi da ɓoye zunubi ba. Zabura ta 88 addu'ar mutum ce da ya daɗe cikin wahala tun ƙuruciya, ta ƙare ba tare da an ba shi amsa ba, kuma an bar ta cikin littafin sujada don masu bi su yi addu'a da ita.

Wataƙila marubucin zai ce, idan babu dalili, ashe Allah bai damu ba ke nan. Amma cewa ba a gaya wa mutum dalili ba dabam, cewa babu dalili dabam. Kirista yana iya tsayawa a kan cewa Allah ya sani, ya kuma amsa cewa shi bai sani ba, ba tare da bangaskiyarsa ta ragu ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya kasa jure wannan rashin sani, ya cika gurbin da zato a kan ɗan'uwansa, shi ne ya kamata ya duba tasa.

Tarihin ikkilisiyar da yawancin masu karanta maƙalar ke ciki ma bai goyi bayansa ba. Mutum uku ne suka sauka Legas a Disambar 1893 don kafa aikin da ya zama SIM, uwar ECWA. Kafin 1894 ta ƙare, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, saura Rowland Bingham shi kaɗai, shi ma zazzaɓi ya kusa tafiya da shi. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe babban sakataren ECWA kuma ya zama murya mafi ƙarfi ta masu bishara a Afirka, ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a Disambar 1975 yana ɗan shekara 39. Wa zai tashi ya faɗi zunubin da waɗannan suka ɓoye? John Calvin na Geneva, wanda tafsirinsa ke makarantun tauhidi har yau, ya yi shekaru yana fama da wannan ɓarin kan, tare da tarin wasu cututtuka, kuma a shekarar rasuwarsa, 1564, ya rubuta wa likitocin Montpellier yana zayyana musu abin da ke damun jikinsa. Maƙwabta Musulmi a Fakuwa su ma suna da nasu abin tunawa: ya zo a Sahihul Bukhari ta hanyar Ibn Abbas cewa an yi wa Annabi Muhammadu (SAW) ƙaho a kai saboda irin wannan ciwo, shi ya sa ba sa kallon mai shi da idon zargi.

Misali mafi kusa yana Babbar Ruga, a bayan birnin Katsina. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin kula da kutare a can, a zamanin da ake ɗaukar kuturta la'ana ce, ana kuma yi wa majinyata allurar wani mai daga Indiya mai zafi da ƙarancin amfani. Sun yi addu'a da majinyatan, sun wanke musu gyambo, sun yi ta allurar da suke da ita, har ƙwayar dafson ta zo wajen 1950 bayan gwajin da Dakta John Lowe ya yi a Uzuakoli, mutane suka fara warkewa suna komawa gida. Da sun bi ra'ayin maƙalar, da sun tsaya tonon asirin kakannin kutare. Akwai gidajen masu bi a ƙasar Katsina da bishara ta shigo musu ta wannan ƙofa ta jinya.

Yanzu a koma ga matar da aka gani a rijiya. Ɓarin kai yana zuwa ya tafi da kansa, tsakanin awa 4 zuwa 72 idan ba a sha magani ba. Don haka duk addu'ar da aka yi wa mai shi, in an jira kwana uku, za a ga ta miƙe. Ran Lahadi a kira ta gaba ta ba da shaida, 'yan Zumuntar Mata su yi guɗa. Bayan mako uku ciwon ya dawo, kamar yadda ya saba. Me za ta ce? Koyarwar marubucin ba ta bar mata mafita ba sai ɗaya: ta ja da baya, ko ta buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Sai ta koyi ɓoyewa. Ta zo sujada da kai yana sara, ta zauna kusa da lasifika, in Maman Zumunta ta ce, “'Yar'uwa, ya ƙarfin jiki?” ta ce, “Mun gode Ubangiji, Mama,” ta koma gida ta yi amai. An ɗora mata ciwo na biyu a kan na farko, kuma na biyun ikkilisiya ce ta ɗora.

Maganin da maƙalar ta rubuta kuwa, duk likitan da ya karanta zai riƙe baki. Tsallake abinci, ƙishirwa, rashin barci, ƙara mai ƙarfi da haske mai kaifi suna cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ɓarin kai. Azumin kwana uku ba ruwa a zafin Afrilu na Katsina, a haɗa da kwana a tsaye gaban lasifika da ganguna, ya tattaro su duka a dare ɗaya. Idan ciwon ya taso da asuba, za a ce aljanin ne ke turjiya, a ƙara kwana.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Mutumin da aka koya wa cewa ciwon kai na ruhu ne ba zai bambance ɓarin kai da abin da ke kisa ba. Katsina tana cikin yankin sanƙarau, kuma annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da shanyewar hannu ko karkacewar baki, ko na mai ciki da ƙafafu suka kumbura, ko wanda ya fara sabo bayan shekara 50, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'a, a yi addu'ar a cikin mota. Macen da ke ganin walƙiyar nan kafin ciwo tana buƙatar ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu, domin tana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wanda kuma kunya ta hana shi zuwa asibiti yakan koma wurin mai kyamis ko mai tallan magani a kasuwa, ya riƙa haɗiyar ƙwaya kullum a ɓoye. Shan maganin kashe zafi irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi irin su taramol kwana 10, yana haifar da wani ciwon kan na kullum. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Alhali taimako yana nan, ba duka ne mai tsada ba. Asfirin da ibufurofen, idan aka sha da wuri, suna tare ciwon ga mutane da yawa. Sumatiriftan, wanda ya fito a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ga wanda ciwon ke yawan kayarwa akwai na rigakafi da ake sha kullum, irin su furofaranolol da amitiriftilin, tsofaffin magunguna ne masu araha da likita a Babban Asibitin Kankiya zai iya dubawa ya rubuta, in abin ya gagara ya tura Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ba sa warkarwa ɗungurungum, suna rage yawan zuwan ciwon ne. Ikkilisiya kuma tana da nata aikin da ba ya cin ko kwabo: a rage lasifika, a bar mai ciwo ta zauna kusa da ƙofa, fasto ya faɗa a fili cewa an ɗauke mata azumin ƙishirwa, 'yan Zumunta su karɓi girki da yara ranar da ta kwanta, mai zuwa dubiya ya yi addu'a gajera da murya ƙasa-ƙasa ya tafi ba tare da tambayar me ta yi ba.

Abu ɗaya ne ba zai jira muhawara ba. Shawarar a ajiye ƙwayoyi don nuna bangaskiya tana buƙatar marubucin ya janye ta a rubuce, ta hanyar da maƙalar ta bi ta shiga hannun mutane. Cikin masu karanta shi akwai waɗanda ke shan furofaranolol, wasunsu don ɓarin kai da hawan jini a haɗe, kuma yanke shi rana ɗaya yana iya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, mai ciwon zuciya kuma ya shiga haɗari na gaske. Duk wanda ya riga ya ajiye nasa saboda wannan rubutu, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa a cikin makon nan, ya gaya masa ranar da ya daina.